Duba-Garin Gidanmu da Zoɓon Kogin Jakara

Ni likita na so zama. Makin JAMB ne ya ce a'a, sai na tsinci sunana a sashen kimiyyar muhalli. Ranar da na kawo takardar gida, na zaunar da su ina bayani: iska, ruwa, ƙasa, kwararowar hamada, sauyin yanayi. Kaka ta saurare ni har na dasa aya, ta tofar da tukar goro, ta ce, "To, duba-gari ke nan."

Na ce ba shi ba ne. Ta ce in rufe mata baki, ta san su tun tana amarya, su ne masu shigowa gida da gajeren wando su leƙa randa, in sun ga tsutsar sauro su ci mutum tara. Tun daga ranar sunan ya bi ni. Shekara huɗu, ko kwata ce ta toshe a layinmu, sai ka ji an ce a kira Duba-gari.

Da muka shiga aji huɗu, malamin da ke duba aikina na kammala karatu ya ba ni ruwan Jakara. Duk Bakano ya san Jakara, in bai san ta da ido ba ya san ta da hanci. Tana kwasar dattin cikin gari, can gaba rafin Getsi ya haɗe da ita ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, su zarce tare har madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. A bakinta kuma masu lambu na noma latas da kabeji da alayyahu, kore shar, gwanin sha'awa. Dakta ya ce in ɗebo ruwa wuri uku, roba bibbiyu, mu auna tsaminsa, mu auna ƙarafa masu guba irin su kuromiyam da majemu ke aiki da shi, sannan mu yi gwajin BOD.

Wannan BOD ɗin shi ne mai fitina. Ana auna iskar shaƙa da ke narke cikin ruwan, a toshe kwalba, a ajiye a duhu kwana 5 cur a sanyin digiri 20, sannan a sake aunawa. Abin da ya ragu, ƙwayoyin cuta ne suka shaƙe suna cin dattin. Su kuwa ba sa jiran kowa, tun daga bakin kogi suke fara cin abincinsu. Shi ya sa doka ta ce ruwan ya zauna a sanyin digiri 4, kuma a kai shi ɗakin gwaji da gaggawa.

Kwalabe na ainihi ba su ishe mu ba, aka ce kowa ya nemi robar ruwan sha ya wanke da kyau. Ni ban sha wahala ba, don Umma sana'arta zoɓo da kunun aya, robobi buhu guda ne a ɗakin girki. A nan na fara haƙa wa kaina rami.

Ranar Juma'a da sassafe na ɗauki shatar adaidaita sahu. Wuri na farko ruwan toka-toka ne, na ƙarshe kore-kore. Na tsakiyan ne abin kallo. Inda wata magudana ke zubowa, ruwan ja ne wur mai duhu, ko rini ne ko jinin yanka ko duka biyun, Allah masani. Na tattare wando, na ɗauraye kowace roba sau uku da ruwan wurin kamar yadda aka koya mana, na cika, na manna farin salatif na rubuta lamba da biro. Wani mai lambu ya jingina da fartanya yana kallona, ya ce, "Samari, in magani aka aiko ka, wanda ya aiko ka ba ya ƙaunarka." Mai adaidaita kuwa, da na shigo, ya ƙara kuɗi. Ya ce na wari ne.

Kafin in isa makaranta an sauko daga masallaci, ɗakin gwaji a garƙame, mai kula da shi ya tafi ta'aziyya. Na kira Dakta. Ya ce in sa a firji, gobe ƙarfe goma za a buɗe mini, in kuma na wuce goma in sake ɗebo sabo.

Firji ɗaya ne a gidanmu. Na jera robobina shida a can ƙasa, na yi niyyar faɗa wa Umma, sai na tarar tana waya da ƙanwarta, wayar da ba ta ƙarewa. Na ce bari in ɗan kishingiɗa. Ban farka ba sai da rana ta fito.

Na buɗe firji. Masu toka biyu suna nan, masu kore biyu suna nan. Jajayen babu. A ƙasan firjin ga salatif ɗina guda biyu, raɓar sanyi ta ɓanɓare su, suna kwance kamar matattun kyankyasai.

"Umma, ina Auta?"

"Ya fita da kula tun ɗazu. Yau akwai ƙwallo a filin makarantar firamare."

Ashe da asuba babu wuta, yaron ya haska da ƴar fitilar waya ya kwashe duk abin da ya ga ja ne.

Ban san ina da gudu ba sai ranar. Silifas ɗaya ya tsinke a bakin masallaci, ban waiwaye shi ba. Ina gudu ina lissafi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kuromiyam kada ya wuce miligiram 0.05 a lita ɗaya ta ruwan sha, dalma 0.01. Abin da na kasa tunawa a jarrabawa, ga shi yana zuwa mini tiryan-tiryan, har da hoton kaina a gaban alƙali.

Na tarar da Auta ba a fili ba, a gaban mai faci, ana riƙe da wuyan rigarsa. Mutumin ya sayi roba ɗaya, ya buɗe, Allah ya taimake mu hancinsa ya riga bakinsa. Ya zazzage ta a ƙasa, yana ta faɗa wai wane irin zoɓo ne ke warin kiraga. Na ba shi haƙuri, na mayar masa da kuɗinsa, na ƙara masa na sabulu. Auta ya rantse ita ce ta farko da ya sayar. Wato ɗayar tana cikin kula, tsakiyar robobi talatin da uku, duk jajaye, duk masu sanyi, duk iri ɗaya.

Ka ce in sansana mana. Na sansana. Amma hancin da ya wuni a Jakara, ga murar hunturu, komai warin Jakara yake yi masa. Ka ce in ɗanɗana. Kai ka zo ka ɗanɗana. Auta ma da na miƙa masa ya ce, "Yaya, kai ne mai digiri." Ƙarfe tara da rabi ta gota. Sai na koma ga kimiyya: na ɗaga kowace roba a rana, na zaɓi wadda ta fi duhu, mai laka kwance a gindi. Sauran na hana a sayar. Umma ta yi lissafinsu a kaina har da kuɗin ƙanƙara, bashin da na shafe wata biyu ina biya.

Goma saura kaɗan na faɗa ɗakin gwaji da silifas ɗaya. Mai kula da ɗakin ya tsoma na'urar auna tsami a ruwan farko, bakwai da ɗoriya, lafiya lau, don ruwan sha ma tsakanin 6.5 da 8.5 ake so, kuma gwargwadon yadda lambar ta yi ƙasa, gwargwadon yawan tsamin. Aka zo kan jan. Na'ura ta ce 2.8. Ya wanke bakinta ya sake tsomawa. 2.8. Ya kira Dakta.

Ban taɓa ganin Dakta cikin farin ciki irin na ranar ba. Ya cire tabarau ya mayar. Ya ce wannan tsami haka, lalle wani na zubar da asid a ɓoye, wannan ya wuce aikin ɗalibi, muƙala ce za mu buga da sunana a ciki. Ni har na fara ganin kaina a Jamus ina karɓar lambar yabo.

Sai mai kula da ɗakin ya ɗiga sinadari mai kaifin kanwa a cikin ɗan kofi. Ruwan ya juye daga ja ya koma kore mai duhu. Ya tsaya shiru. Duk wanda ya taɓa ganin an jefa kanwa a zoɓo ya san wannan launi. Ya kai kofin asali hanci, ya lumshe ido.

"Ranka ya daɗe, akwai citta. Akwai kanumfari." Ya sake sansanawa. "Har da ɓawon abarba."

Lakar da na gani a gindi, garin citta ce.

Dakta bai yi faɗa ba, wanda ya fi faɗa ciwo. Ya dube ni daga sama har ƙafar da babu takalmi, ya ce Litinin in koma kogi, kuma a wannan karon in rubuta lamba a jikin robar da alƙalamin da ba ya gogewa. Da zai fita ya tambaya ko Hajiya na karɓar odar biki.

Na dawo gida da tambaya ɗaya tana cin raina: in wannan zoɓo ne, ina ta gaskiyar? Wa ya sha? Na zauna a tsakar gida na rafka tagumi, ina jiran in ji an kwashi wani zuwa asibiti. Sai ga Kaka ta fito da sandarta, da wata roba fanko a hannu.

"Kai mijin banza, jiya da dare na ɗauki zoɓo a firji, na buɗe na ji ya ruɓe. Na ce ba za a yi asara ba, na tuttula shi a ramin tururuwar nan da ta hana ni sakat a bakin ƙofa." Ta nuna da sanda. "Tun safe ban ga ko ɗaya ba. Umman taku ta ce naka ne. In za ka koma, ka ɗebo mini biyu."