Maganin ciwon barci ya yi sauƙi, saura gano mai cutar

Zamana a Kinshasa ne ya sa na san darajar abin da Chadi ta samu a shekarar 2024, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya daina zama barazana ga lafiyar jama'a a ƙasarmu. A nan Kwango, inda mafi yawan masu cutar suke, ayarin ma'aikatan lafiya na ci gaba da bin ƙauyuka suna gwada jini, kuma tsofaffin ma'aikata ba su manta da allurar melarsoprol ba, wadda aka haɗa da gubar arsenik, take ƙona jijiya, har ta kan kashe kusan mutum 1 cikin 20 da aka yi wa.

Magani ya canza ƙwarai. Haɗin magunguna biyu da ake kira NECT, na 2009, ya ceci rayuka, sai dai yana bukatar gadon asibiti da ƙarin ruwa sau 14 cikin kwana 7, bayan an soka allura a gadon baya an ɗebi ruwa don a san ko ƙwayar cutar ta kai ƙwaƙwalwa. Fexinidazole kuwa, wanda aka amince da shi a 2018, ƙwaya ce da ake sha sau ɗaya a rana har kwana 10, bayan an ci abinci sosai, a gaban ma'aikacin lafiya. Ba a ba yaron da bai kai shekara 6 ko kilo 20 ba, wanda ciwonsa ya yi nisa kuma NECT ake yi masa. Duk kyauta ne.

Abin da ya dame ni shi ne 'yan'uwanmu da ke tasowa daga Njamena su gangara kudancin Chadi, su Sarh da Kumra da Moyisala, fatauci. Mutum zai dawo da zazzaɓi mai tafiya yana komowa, da ciwon kai, da kaluluwa a bayan wuya, sai ya sayi maganin cizon sauro wurin mai tebur. Idan ya fara barci da rana yana kwana ido biyu, halinsa kuma ya sauya, a ce iska ce. Maganin ciwon barci ba a sayar da shi a kasuwa, sai an gwada an ga cutar. Ma'aikacin lafiya a lardin Kwilu na Kwango yana da ita a rai, amma matashin likita a Njamena yana iya gama karatu bai taɓa ganin mai ita ba.

A shekarun 1960 cutar ta kusa ɓacewa daga Afirka, aka yi sake, ta dawo har aka ƙirga kusan mutum 40,000 a 1998. Saboda haka ina roƙon ma'aikatar lafiyarmu kada ta janye kayan gwaji daga yankunan Mandul da Maro na kudancin Chadi, ko shuɗɗan ƙyallayen kashe tsando da ake kafawa a bakin ruwa. Wanda zazzaɓinsa ya ƙi jin magani kuma ya gaya wa likita cewa ya je kudu.