Wa ke cin ribar korar tsohon ɗan haya a Kaduna?

Watan jiya, bayan sallar Isha'i, wani maƙwabcina malamin sakandare ya miƙo min takarda a ƙofar masallaci, ya ce, "Malam, duba min wannan don Allah." Layi uku ne kacal. Kuɗin gidan da yake ciki ya tashi daga naira dubu 600 zuwa dubu 900 a shekara, in ba zai iya ba ya fara haɗa kayansa. Shekararsa tara a gidan nan na Unguwar Dosa. Shi ya sake famfon tsakar gida, shi ya kira masu kwasar sokawe har sau biyu da kuɗin aljihunsa, kuma bai taɓa bari an zo masa tambayar kuɗin haya ba. Sa hannun da ke ƙasan takardar na dillali ne. Mai gidan yana Abuja, rabonsa da taka ƙofar tun kafin korona.

Irin wannan takarda ta zama ruwan dare daga Kawo zuwa Kinkinau, daga Malali zuwa Barnawa, kuma hujjar ɗaya ce: siminti ya yi tsada. Ba a musu. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, komai na gini ya yi sama. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma, rodi da kwano suka bi bayansa. Wanda ya yi sabon gini da wannan farashi yana da bakin magana. Amma gidan da aka gama shekara ashirin da suka wuce, wanda ko cokalin siminti ba a ƙara masa ba, silin ɗinsa na ɗigar ruwa kowace damina har matar gida ta ajiye masa bokiti na musamman, wane simintin ake nufi? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya ƙi gyara ba shi da hurumin fakewa da tsadar kayan gyara.

Ba tausayin 'yan haya kaɗai ya sa na ɗauki alƙalami ba. Su kansu masu gidajen ana cutar su, kuma da yawansu ba su farga ba.

A duba inda abincin dillali yake. La'adarsa, wadda galibi kashi goma cikin ɗari ce, daga sabon ɗan haya take fitowa, ga kuɗin duba gida, ga kuɗin yarjejeniya. Tsohon ɗan haya da ya sabunta zamansa ba ya biyan waɗannan. Ke nan duk shekarar da mutumin kirki ya ƙara a gida, dillali ya rasa ciniki guda. Shi ya sa waya ke ƙara a Abuja ko Legas: "Alhaji, ranka ya daɗe, ana cutarka fa. Gidan da ke bayan naka miliyan ake biya." Alhaji bai ga gidan bayan ba, bai san ko yana da burtsatse da mitarsa daban ba, bai ma san halin da nasa ke ciki ba. Sai ya ce a ƙara.

To mu yi lissafin da dillali ba zai yi masa ba, da alƙaluman takardar maƙwabcina. Dubu 900 a shekara dubu 75 ke nan a wata. A ce gidan ya yi wata huɗu a rufe kafin a samu mai iya biya, abin da ba baƙo ba ne idan an tsawwala kuɗi. Dubu 300 ta tafi, ƙarin gaba ɗaya ke nan. Kuma sabon mai shiga ba zai karɓi silin mai yoyo da bango mai dauɗa ba, dole a kira mai fenti da kafinta da mai gyaran famfo. Shekara ta zagayo, abin da ya rage a hannun Alhaji bai kai dubu 600 ɗin da yake karɓa cikin kwanciyar hankali ba. Dillali kuwa ya soke dubu 90 tun ranar da aka miƙa makulli. Garin neman ƙiba an samo rama.

Wannan ma idan an dace da sabon ne. In aka yi rashin sa'a ya biya shekarar farko ya toge a ta biyu, sai mai gida ya gane fitar da mutum ba wasa ba ne. Mai biyan shekara-shekara, in ba a rubuta wani abu daban ba, notis na wata shida ake ba shi, sannan na kwana bakwai, sannan kotu da lauya da ɗage zama. Tsohon ɗan haya kuwa shi ne zai kira ka ya ce ruwa na kwanciya a gindin katanga tun kafin ta tsage. Masu gadi nawa za ka ɗauka su yi maka wannan?

Masu cewa "kasuwa ce ke yanke farashi" su fara gaya mana kasuwar wa. Mafi ƙarancin albashi a jihar nan naira dubu 72 ne tun ƙarshen 2024, wato dubu 864 a shekara, bai ma kai kuɗin gidan ba ko da mutum zai haɗiyi iska. Na san ana neman gidaje. Jirgin ƙasan Rigasa da aka buɗe a 2016 ya sa ma'aikatan Abuja da dama sun ajiye iyali a nan, ga waɗanda 'yan bindiga suka koro daga Birnin Gwari da Giwa. Sai dai na biyun ba su da kuɗin da ake kira, na farkon kuma ba su da yawan da za su cika kowane gida a Badarawa da Tudun Wada. Masu cewa gwamnati ta ƙayyade haya su ma ba su burge ni ba: Legas ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya tun 2011, a je a tambayi mai neman gida a can abin da ake ce masa ya kawo.

Abin takaicin shi ne yadda muke ɗaukar gidan haya kamar rijiyar da ba a yasa. Mutum ya kwashe kuɗin sallamarsa na shekara talatin da biyar ya zuba a bulo, ya yi zarya hukumar filaye ta jihar, KADGIS, har ya karɓi takardar mallaka, sannan ya miƙa dukiyar ga wanda ba shi da ko ƙusa ɗaya a cikinta, ya juya baya. Ko mai shagon kayan masarufi a Kasuwar Barci ba ya yi wa jarinsa haka. Wannan sakaci ne, kuma a gidan gado ko na marayu cin amana ne.

Gyaran ba ya buƙatar majalisa. Mai gida ya riƙe lambar ɗan hayarsa da kansa, ya leƙa gidan ko da sau ɗaya ne kafin damina. In za a yi ƙari a yi shi kaɗan-kaɗan, a rubuce, a ga gyara ya biyo baya. Dillali kuma a biya shi don ya riƙe mutumin kirki, kada abincinsa ya rataya a kan korarsa.

Maƙwabcina ya samu ciki biyu da falo a Rigachikun, ƙarshen watan nan zai tashi, yaransa uku za su sauya makaranta a tsakiyar zango. Sau biyu ina roƙon dillalin lambar mai gidan domin in shaida masa irin mutumin da zai rasa. Har yau bai ba ni ba.