Kafin a aika jini Turai, a fara auna hawan jini

Tallar "binciken jiki gaba ɗaya" da ke yawo a WhatsApp tsakanin ma'aikatan Abuja ta fara wuce gona da iri. Yanzu har ana kwaɗaita wa mutane cewa in aka auna ɗaruruwan ƙananan sinadaran da jiki ke samarwa yayin sarrafa abinci, za a hango musu ciwon suga, ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki tun da sauran shekaru. Wannan ciniki ne ake yi da tsoron mutane.

Ilimin kansa ba ƙarya ba ne. A wani bincike da aka wallafa a 2011, masu binciken garin Framingham a Amurka sun bi mutum 2,422 tsawon shekara 12, 201 suka kamu da suga, aka gano cewa sinadaran amino guda biyar sun hau a jininsu tun kafin cutar ta bayyana. Haka ma sinadarin TMAO, wanda ke samuwa bayan bakteriyar hanji ta sarrafa jan nama da ƙwai, an danganta shi da ciwon zuciya. Amma a jikin wa aka auna? Mutanen Framingham kusan duk Turawa ne, haka rumbun bayanan lafiya na Birtaniya, UK Biobank, mai mutum 500,000, fiye da kashi 90 cikin 100 fararen fata ne. Ma'auninsu ba lallai ya hau kanmu ba. An sha nuna cewa ɗan Afirka ta Yamma na iya kasancewa a bakin kamuwa da suga alhali kitsen cikin jininsa da ake kira tiraigilisaraid yana ƙasa. Shi kuma TMAO, cin kifi kaɗai kan ɗaga shi. Mutum ya ci gasasshen kifi a Kado da daddare, da safe a ce masa zuciyarsa na cikin haɗari?

Abin da ya fi ci min rai shi ne ko gwajin da muke da shi ba a yinsa daidai. Sugan azumi na buƙatar awa 8 ba ci, ba shayi. A ma'aunin mg/dL, daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne, 126 zuwa sama ciwon suga ne idan an maimaita aka sake samu. To amma jinin da aka zuba a kwalbar da ba ta da sinadarin fuloraid, aka bari a kan tebur, ƙwayoyinsa na ci gaba da cinye sugan, yana raguwa da kashi 5 zuwa 7 cikin 100 duk awa. In jinin ya yi awa biyu a ajiye, mai 130 sai ya koma gida da takardar 115, hankalinsa kwance. HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na wata uku, kan yi kuskure ga masu sikila, da masu AS a wasu injinan, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne. Ma'aikata nawa ke tambayar ko mutum AS ne ko mai sikila kafin su miƙa sakamako? Wanda bai iya adana suga awa biyu ba, ta yaya zai adana sinadaran da ke son daskarewa nan take, a garin da wuta ke zuwa tana tafiya?

Masu cewa "ai ƙarin sani ba ya cutarwa" ba su taɓa ganin wanda ya ajiye maganinsa saboda takarda mai launin kore ba.

A kan shanyewar jiki kuwa, amsar tana hannunmu. Binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Ghana, har da Kano da Zariya, wanda aka wallafa a 2018, ya ɗora kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin a kan hawan jini. Na'urar aunawa tana kemis ɗin unguwa, a Nyanya ko Kubwa: a zauna minti biyar, hannu daidai ƙirji, in ya yi ta kai 140/90 a rana daban-daban a ga likita.

Hukumar da ke sa ido kan ɗakunan gwaji ta tilasta wa duk mai wannan talla ya bayyana a kan waɗanne mutane aka tabbatar da ma'auninsa. Jami'o'inmu kuma a ba su kuɗi su tattara namu alƙaluman, daga masu cin tuwo da miyar kuka.