Kafin ka tambayi nawa za ka samu

Duk wanda ya fara sha'awar zuba jari, tambayarsa ta farko ɗaya ce: nawa zan samu? Ni ma da ita na fara, kuma ita ta cinye min tarin shekara biyu. Wani ya nuna min lissafi a waya, riba duk wata mai daɗin ji, na miƙa kuɗina ban tambayi abin da za a yi da su ba. Wata uku ana biya na, a na huɗu aka yi ɗif. Har yau abin yana min ciwo, shi ya sa nake wannan rubutun.

Abin da ya kamata in tambaya shi ne daga ina ribar take fitowa. In hannun jari ka saya, ɗan yankin kamfani ka mallaka: kamfanin ya sayar da kayansa, ya ci riba, ya ba ka kasonka, ko darajar abin da ka riƙe ta tashi. In gida ne, kuɗin haya ne. Wannan ko ƙaninka za ka iya yi wa bayani ya gane. Amma in mai talla ya yi ta kewaye-kewaye, ya kasa nuna maka abin da ake saya ko ake sayarwa, ka ji tsoro, wataƙila kuɗin wani ake miƙo maka. A 1920 Charles Ponzi ya yi wa mutanen Boston a Amurka alkawarin ribar kashi 50 cikin ɗari a kwana 45, alhali da kuɗin sababbin shiga yake biyan na farko. Bernie Madoff, wani dillalin hannun jari a Amurka, ya shekara da shekaru yana irin wannan, har bankuna da masu ilimi suka faɗa hannunsa, asirinsa bai tonu ba sai 2008, aka yanke masa ɗaurin shekara 150.

Akwai wani ɗan lissafi da na so a ce na sani tun farko. Ka raba 72 da yawan ribar shekara, za ka ga kimanin shekarun da kuɗinka zai ninka in kana mayar da ribar cikin uwar kuɗi. In ribar kashi 8 cikin ɗari ce a shekara, sai shekara 9. To wanda ya ce zai ninka maka cikin wata biyu, wace sana'a yake yi? Lissafin nan yana aiki a kan hauhawar farashi ma: in kaya na tashi da kashi 12 a shekara, kuɗin da ka ɓoye zai rasa rabin ƙarfinsa cikin shekara 6. Ashe ɓoyon ma ba tsira ba ne.

Sai dai ko jarin na gaskiya ne, ina roƙonka kada ka zuba kuɗin da za ka buƙata gobe. Ka fara ware abin da zai riƙe ka wata uku zuwa shida in samu ya tsaya. Kasuwa tana faɗuwa, faɗuwa mai tsanani kuwa. Ma'aunin S&P 500 na farashin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka ya zube fiye da rabi tsakanin 2007 da 2009, bai koma inda yake ba sai 2013. Wanda yake da ajiya a gefe ya iya jira har ta farfaɗo. Wanda rashin lafiya ko rashin aiki ya tilasta wa sayarwa a tsakiyar faɗuwar, shi ya kwashi asarar.