Kada ku rufe ƙofar da aka buɗe a gidan Karniliyus

'Yan'uwana matasa, salama a gare ku. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun addu'ar daren da muka yi watan jiya, kuma gara in faɗa da in ci gaba da haɗiyewa.

Na ga wata ƙanwarmu a durƙushe, mutum 5 sun kewaye ta, suna so lalle sai ta yi magana da waɗansu harsuna, wato baiwar nan ta Ruhu Mai Tsarki. Wannan ya dafa mata kai, wancan yana mata tsawa a kunne: "Buɗe baki! Faɗi ko mene ne!" Gumi ya jiƙa mata ɗankwali, leɓɓanta na rawa, amma ba abin da ya fito. Da aka gaji, wani ya ce wataƙila akwai zunubin da take ɓoyewa. Ta tashi, ta riƙe takalmanta a hannu, ta fita. Har yau ba ta sake zuwa zumunta ba. Ni ma ina wurin ban ce uffan ba, kuma shirun nan nawa yana ci mini rai.

Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 10. Karniliyus hafsan sojan Roma ne a Kaisariya, ba Bayahude ba, marar kaciya. Bitrus kansa sai da aka nuna masa wahayi har sau 3 a kan soro a Yafa, a gidan Saminu majemi, kafin ya yarda ya taka ƙofar irin wannan mutum. Da ya shiga ma, ya faɗa musu a fili cewa bai halatta Bayahude ya cuɗanya da bare ba. Yana cikin magana, bai kai ƙarshe ba, bai ɗora wa kowa hannu ba, sai Ruhu Mai Tsarki ya sauko, mutanen gidan suka kama magana da waɗansu harsuna suna ɗaukaka Allah. Wa ya cika da mamaki? 'Yan'uwa 6 da suka rako Bitrus. Su ne suke bukatar alamar, don su daina ganin al'ummai a matsayin 'yan waje. Nan take Bitrus ya ce ba mai iya hana waɗannan mutane ruwan baftisma. Da aka tsare shi a Urushalima kan ya ci abinci da marasa kaciya, wannan labarin ya bayar, bakin kowa ya mutu. Abin da Allah ya shigo da bare da shi, shi muka kori 'yar gida da shi.

Na sani a Afisa Bulus ya ɗora hannu a kan mutum wajen 12, suka yi harsuna. Amma ku nuna mini inda ya koya musu abin da za su furta.

A Korinti, inda Bulus ya yi shekara ɗaya da rabi yana koyarwa, da yawa cikin masu bi sun fito ne daga bautar gumaka, kuma baiwar nan ta zame musu abin taƙama. Bulus ya ce ya fi su duka magana da harsuna, amma a cikin taro ya gwammace ya faɗi kalma 5 da za su koyar da wani, da ya faɗi 10,000 da ba mai ganewa. Ya ce mutum 2, in ya yi yawa 3, bi da bi, wani ya fassara. In ba mai fassara, a yi shiru. Ya kuma tambaya ko duka ne suke magana da harsuna. Bai hana baiwar ba, ni ma ba hana ku nake yi ba.

Ranar Lahadi bayan sujada zan je gidan su yarinyar nan in roƙi gafararta. Ina so ku biyar ɗin ku biyo ni, kuma wanda ya ambaci zunubi shi zai fara magana.