Kafin ka yi wa kwamfutarka fomat, karanta abin da Linux ya rubuta maka

Jama'a, tun ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya rufe tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Shi kuma Windows 11 sharuɗɗansa a fili suke: sai kwamfuta tana da na'urar tsaro ta TPM 2.0, kuma in ta Intel ce, sai processor ɗinta ya kai ƙarni na 8. To ku duba 'yan Beljiyam ɗin da ke hannun ɗalibai da malamai da ƙananan ma'aikata: HP EliteBook 840 G3, Dell Latitude E7470, ThinkPad T460. Duk 'yan ƙarni na 6 ne. Lafiyarsu ƙalau, suna da ƙwari, in aka sa musu SSD da RAM 8GB za su yi shekaru suna aiki. A ganina asara ce babba a ce irin waɗannan sun tashi aiki, alhali Linux, wanda shi ma tsarin gudanar da kwamfuta ne kamar Windows, yana tafiya a kansu sumul, a kyauta, ba tare da an nemi lasisin sata ba.

Sai dai akwai wata al'ada da muke ɗauko ta daga Windows mu shigo da ita Linux, kuma ita ce take sa mutane su gudu bayan sati biyu. Da zarar kwamfuta ta yi tari, sai a ce a yi mata fomat. Ba a tambayar me ya same ta. A Linux wannan kuskure ne, domin shi tsari ne mai faɗin ciwonsa da bakinsa. Kusan duk matsalar da za ta taso, akwai layin rubutu da ya faɗi sunanta da inda take, wani lokacin har da maganinta. Wanda ya saba karanta layin nan zai gyara a minti biyar abin da wani zai kwana yana sake girka tsari a kansa.

Bari dai in fara cire waɗanda ban ba shawarar su koma ba. Wanda abincinsa yake a CorelDRAW, ko Photoshop, ko AutoCAD, ya zauna inda yake. Babu ɗayansu da yake da na Linux a yanzu. Inkscape yana iya buɗe fayil ɗin CorelDRAW, amma sau da yawa rubutu da kala suna gocewa, kuma mai shagon buga kati ba zai ɗauki wannan kasadar a kan aikin kwastoma ba. Haka masu gyaran waya, yawancin manhajojinsu na filashin na Windows ne. Amma mai rubutu, mai bincike, mai koyon haɗa manhaja, mai aikin da kusan duk a cikin burawuza yake, wannan ba shi da abin da zai rasa.

Wane Linux? Ga sabon shiga, Linux Mint. Mint 22 ya fito a 2024, an gina shi a kan Ubuntu 24.04, kuma yana da tallafi har 2029. Mai RAM 8GB ya ɗauki nau'insa da ake kira Cinnamon, mai 4GB ya ɗauki na Xfce. Ina roƙon sababbin shiga su ƙyale Kali Linux. An yi shi ne domin masu gwajin tsaron kwamfuta, ba domin rubuta aikin makaranta ba, kuma yawan matasan da suka tsani Linux saboda da shi suka fara ba kaɗan ba ne.

Ka sauke fayil ɗin girka Mint, wato ISO, kusan 3GB ne, ka sa shi a filashi na 8GB da manhajar Rufus ko Ventoy. Ka kunna kwamfutar kana danna F9 in HP ce, F12 in Dell ko Lenovo ce. Kada ka yi gaggawar danna Install. Tsarin yana tashi daga filashin kai tsaye, don haka ka zauna da shi na rabin awa: gwada Wi-Fi, sauti, kyamara, madannan ƙara haske, ka rufe murfin ka buɗe ka ga ko tana farkawa. Abin da ya ƙi aiki a nan zai ƙi bayan girkawa, gara ka san shi tun yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In za ka girka Linux ka bar Windows tare da shi a kwamfuta ɗaya, abu uku ne suke cizon mutane. In BitLocker, wato makullin faifai na Windows, yana kunne, ka kwafi lambar ceto ɗinsa mai alƙaluma 48 a takarda kafin ka taɓa komai a BIOS, wato saitin da ake shiga kafin kwamfuta ta tashi, domin sauyi kaɗan zai iya sa Windows ya nemi ta. Sannan ka kashe Fast Startup a Windows. Shi ba ya kashe kwamfuta gaba ɗaya, yana barin faifan ajiya a rabin barci, shi ya sa Linux zai buɗe maka fayilolinka na Windows amma ya hana ka rubuta komai a ciki. Na uku, in mai girkawa ya ce bai ga faifan ajiyarka ba sam, ba lalacewa ya yi ba. An saita shi ne a RAID ko Intel RST a cikin BIOS, musamman a Dell, sai an mayar da shi AHCI. Amma ka fara saita Windows ya tashi a Safe Mode kafin ka sauya, in ba haka ba shi kuma zai ƙi tashi. Akwai ma wani ƙarami: za ka ga agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya duk sanda ka fito daga Linux. Dalili shi ne Linux yana ajiye agogon na'ura a kan UTC, Windows yana ɗaukar sa a matsayin lokacin gida, mu kuma a Najeriya da Nijar muna gaban UTC da awa ɗaya. Umarnin `timedatectl set-local-rtc 1`, in ka rubuta shi a Terminal na Linux, wato tagar da ake rubuta umarni, ya raba gardamar.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, wato ɗauke wuta. Mu nan ita ce uwar matsaloli, musamman ga mai kwamfutar tebur ko laftof ɗin da batirinta ya mutu. Wuta ta tafi kwamfuta tana tsakiyar rubutu a faifai. Ka sake kunnawa, maimakon allon da ka saba gani, sai baƙin allo da wata kalma a ƙasa: initramfs, alama tana ƙyaftawa a gabanta. A nan ne mutum yake ɗaukar ta sai shagon mai gyara, a share masa komai har da aikin digirinsa. Alhali da ya ɗaga ido layi uku ko huɗu sama, zai ga an rubuta cewa /dev/sda2, ko wani suna makamancinsa, yana buƙatar a yi masa fsck da hannu. Ma'ana tsarin fayiloli ya ɗan hargitse, Linux ya ƙi ci gaba da rubutu a kai don kada ya ƙara ɓarna. Ka rubuta `fsck -y /dev/sda2`, ka tabbata sunan da ka sa shi ne wanda ya bayyana a allonka, ka jira ya gama, ka rubuta `exit`. Shi ke nan. Yawanci ma ext4, tsarin fayilolin da Linux ke amfani da shi, yana gyara kansa ba tare da ka sani ba, sai ɓarnar ta yi yawa yake tsayar da kai.

Amma in abin yana maimaituwa ba tare da an ɗauke wuta ba, to ka daina zargin Linux. Buɗe manhajar Disks, ka duba bayanan SMART. In adadin Reallocated Sector Count yana hawa, faifan ne yake mutuwa. Ka kwashe kayanka a ranar. Fomat sau goma ba zai tayar da shi ba.

In kuma wutar ta tafi ne ana tsakiyar sabuntawa, za ka tarar manajan manhajoji ya ƙi girka komai, yana cewa an katse dpkg, wato manhajar da ke girka sauran manhajoji. Shi da kansa zai rubuta maka maganin: `sudo dpkg --configure -a`. Bayan nan ka bi shi da `sudo apt --fix-broken install`. Na farkon yana ƙarasa saita manhajojin da aka kwance aka bari a rabi, na biyun yana kawo waɗanda suka ɓace. Rigakafinsa kuwa, kada ka fara babbar sabuntawa alhali batiri bai kai rabi ba, ko janareto yana shirin shanye mai.

Akwai wani saƙo da ya yi kama da wannan amma ba shi ba ne, wanda ke cewa an kasa samun lock a /var/lib/dpkg/lock-frontend. Wannan ba lalacewa ba ce. Wata manhaja ce take girka abu a bayan fage, ta kulle ƙofa don kada biyu su yi rubutu lokaci guda. Saƙon yana faɗin lambar aikin da ya riƙe makullin. Ka jira minti biyar ko goma. Shawarar da ta cika intanet ta cewa a goge fayil ɗin makullin da `rm` ita ce take mayar da ƙaramin jira ya zama ɓarna ta gaske, kuma raina yana ɓaci duk sanda na ga ana yaɗa ta ga sababbin shiga ba tare da gargaɗi ba.

Wata kuma: ka sa kalmar sirri daidai, allo ya yi baƙi, ya dawo da kai wurin sa kalmar sirri. Ka sake, ya sake. Kafin komai ka zargi cikar faifai. Danna Ctrl da Alt da F3 tare, ka shiga da sunanka a baƙin allon, ka rubuta `df -h`. In ka ga 100% a gaban alamar /, ka kama ɓarawon. Allon aikin da ka saba gani yana buƙatar rubuta ƙananan fayiloli kafin ya buɗe, babu wuri, sai ya faɗi. `sudo apt clean` zai zubar da tsofaffin fakitin da aka sauke, `sudo journalctl --vacuum-size=200M` zai rage tarin rahotanni, `sudo apt autoremove` zai cire tsofaffin kernel, wato zuciyar tsarin Linux. A SSD mai 128GB, sau da yawa Timeshift, manhajar da ke adana kwafin tsari, shi ne yake cinye wurin, in an bar shi yana ɗaukar hoton tsari kullum. Timeshift abu ne mai kyau ƙwarai, shi ne zai mayar da kai jiya in sabuntawar yau ta ɓata abu, amma hoto biyu na mako-mako sun isa. Kuma a sani, tsarin yake adanawa, ba takardunka da hotunanka ba. Waɗannan sai ka kwafe su a wani faifai daban.

Wi-Fi da ya ƙi fitowa, fara da `rfkill list`. In ya nuna an toshe shi ta manhaja, `rfkill unblock all`. In ya ce ta na'ura ce, to akwai maɓalli a jikin laftof ɗin ko a kibod da aka danna. In babu toshewa, `lspci -nnk | grep -iA3 net` zai faɗa maka sunan katin Wi-Fi ɗin da direban da ke tuƙa shi, wato manhajar da ke sa shi aiki. Na Intel ba su cika ba da wahala ba. Na Broadcom su ne masu taurin kai, domin direbansu ba a buɗe yake ba. Ka jona wayarka ta Android da kebul, ka kunna USB tethering, Linux zai gan ta nan take, sai ka buɗe Driver Manager ka girka direban. In Secure Boot, wani saitin tsaro na BIOS, yana kunne, za a nemi ka ƙirƙiri wata kalmar sirri, kuma da ka sake kunna kwamfutar wani shuɗin allo zai fito. Ka zaɓi Enroll MOK ka sa kalmar. Mutane suna tsorata su danna Continue boot, direban ya zauna a girke amma kernel ya ƙi loda shi saboda ba a amince da sa hannunsa ba. Direban NVIDIA ma haka yake yi.

In abu yana aiki jiya, yau bayan sabuntawa ya daina, riƙe Shift ko danna Esc lokacin tashi, ka shiga Advanced options a GRUB, wato allon zaɓin da zai fito, ka zaɓi kernel ɗin da ya gabata. In ya dawo daidai, ka san inda ciwon yake.

Batun takardun ofis, LibreOffice yana buɗe na Word da Excel. Gocewar shafi da ake kuka da ita yawanci daga rashin irin harafin ne. Girka fonts-crosextra-carlito da fonts-crosextra-caladea, faɗinsu ɗaya da Calibri da Cambria, sai ttf-mscorefonts-installer domin Times New Roman da Arial. Abin da za ka miƙa wa wani ya buga, ka mayar da shi PDF. Sababbin firintoci suna aiki da kansu, amma tsofaffi irin HP LaserJet 1020 sai an ƙara musu wani ɗan fayil da `hp-plugin`, shi kuma Canon LBP2900 sai an yi haƙuri da shi sosai. Mai lissafin data kuma ya lura a Software Manager: manhajar farko da ka girka ta hanyar da ake kira Flatpak tana jawo ɗaruruwan megabait na kayan da za ta zauna a kai, don haka in akwai zaɓin System Package, shi ya fi sauƙi.

Mai rubutun Hausa ma ba a bar shi a baya ba. A saitin kibod akwai tsarin Hausa na Najeriya a shirye. Ko ba shi, a yawancin manhajoji in ka danna Ctrl da Shift da U, ka rubuta 199 ka danna Enter, ƙ za ta fito. 257 na ɗ ne, 253 na ɓ, 1b4 na ƴ ga 'yan uwanmu na Nijar.

In duk ka gwada abin ya gagara, sai neman taimako, kuma shi ma yana da ladabinsa. "Linux ɗina ya ƙi aiki" ba tambaya ba ce da wani zai iya amsawa. Rubuta `inxi -Fxz`, zai jero komai na kwamfutarka ya ɓoye lambobinka na sirri. Ƙara da `journalctl -b -p err`, wanda ke nuna kurakuran wannan tashin, ko `journalctl -b -1 -p err` in kwamfutar ta daskare ne ka kashe ta da ƙarfi, domin a ga na tashin da ya wuce. Ka kwafo saƙon kuskuren harafi da harafi, ka faɗi abu na ƙarshe da ka girka ko ka sauya. In an ba ka umarni mai farawa da sudo, kalmar da ke ba shi cikakken iko a kan tsari, ka tambayi me yake yi kafin ka danna Enter, kuma ka riƙa gwada gyara ɗaya a lokaci guda, kana rubuta abin da ka taɓa a takarda, domin in bai yi ba ka san abin da za ka mayar.