Wa ke riƙe da littafin tafkin Madarumfa?

A 1973 wani masanin ruwa mai suna David Schindler ya raba tafki gida biyu da labulen roba. A Kanada ne, lardin Ontariyo, kuma tafkin ko suna ba shi da shi, sai lamba: 226. Ya zuba sinadaran kabon da naitirojin a ɓangarorin biyu, sannan ya ƙara fosforas a ɓangare guda. Ba a jima ba wanda ya sha fosforas ya rikiɗe kore shar da gansakuka, ɗayan kuwa ya zauna garau. Aka ɗauki hoto daga jirgin sama. Gani ya kori ji. Kamfanonin omo da suka daɗe suna musun cewa fosfat ɗin cikin kayansu, mai ɗauke da fosforas, ne ke shaƙe tafkuna suka rasa bakin magana, gwamnatoci kuma suka samu hujjar taƙaita shi.

Ana yawan ba da labarin kamar hoton ne ya yi aikin. Ni ban yarda ba. Schindler ya kama ragamar tashar binciken da ke kula da tafkunan yankin tun 1968, bai bar ta ba sai 1989 da ya koma Jami'ar Albata. Shekara 21 kenan yana auna tafkuna iri ɗaya, shi da ɗalibansa. A nan ne ya riƙa zuba asid a wani tafki kaɗan-kaɗan, ya nuna cewa ƙananan halittun da kifi ke ci su ke fara mutuwa, kifin ya bi baya da yunwa. Shi aka fara bai wa lambar yabon ruwa ta Stockholm a 1991. Ya rasu a 2021. Abin da ya sa maganarsa ta yi nauyi a gaban masu mulki shi ne yana da lissafin bara da na bara waccan.

To mu fa? Kudu da Maraɗi muna da tafkin Madarumfa, wanda mutane ke zuwa ziyarar kaburburan waliyyan da ke kewaye da shi, kuma tun 2019 yana cikin jerin wuraren ruwa na yarjejeniyar Ramsar ta ƙasa da ƙasa kan kare dausayi. Na taɓa tsayawa a bakinsa da hantsi, wani dattijo yana gyaran komarsa. Na ce, "Baba, ina ruwa ke kaiwa da?" Bai ce komai ba, ya ɗaga hannu ya nuna mini wata bishiya can nesa, inda yanzu awaki ke kiwo. Ya san lokacin da tarwaɗa ke yawa, ya san shekarar da karfasa ta yi ƙaranci. Amma duk a kansa yake, kuma ba da kan dattijo ake shiga ofishin minista ba.

Wani zai ce ai matsalarmu daban ce, kuma gaskiya ne. Yashi ne ke cike mana tafki, zafi na shanye shi, ga madatsar Jibiya da ke riƙe ruwa a Najeriya kafin ya gangaro Gulbin Maraɗi. Kanada na da tafkuna dubbai, za ta iya sadaukar da guda don gwaji. Mu wanda muke da shi ba na wasa ba ne. Sai dai nawa madatsar ta rage mana? Santimita nawa yashi ke ƙaruwa duk damina? Takin zamani na masu noman rani yana gangarawa ciki ko kuwa? Wanda zai zauna da maƙwabta kan rabon ruwa, da waɗannan alƙaluman zai je.

Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana nan kusa, kuma ɗalibai na rubuta kundi kan ruwa. Abin da ke damuna shi ne yadda bincike a ƙasarmu ke bin kuɗin masu tallafi: shekara biyu, rahoto, taron rufewa, kowa ya watse. Ina so jami'a ta ɗauki Madarumfa a matsayin aikin din-din-din. A kafa sanda mai lamba a bakin ruwa, a samu malami ɗaya da zai ce nan zan tsufa, a biya masunta biyu su riƙa rubuta abin da suka kama kowace Juma'a. Kuɗin duka bai kai na taron bita guda a otal ba.